LE, SE Ko XLE: Amsa Ga Malamin Da Zaɓen Mota Ya Raba Kan Gidansa A Daura

Wasiƙar wannan mako daga Daura ta zo. Na rage mata tsawo, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a nan Daura, da mata ɗaya da 'ya'ya 3, mahaifiyata kuma tana wurina. Shekara 6 ke nan ina tara kuɗin mota, da adashi da ɗan abin da gona ke bayarwa. Saboda Inna nake son motar: duk wata sai na kai ta asibiti Katsina kan ciwon ƙugu da hawan jini, motar haya kuma tana galabaitar da ita. Wani dillali ya nuna mini Toyota Camry guda 3, duk 'yan Beljiyam. Ta farko LE ce ta 2014 mai kujerun yadi, kuɗina sun isa har da ragowa. Ta biyu SE ce ta 2013 mai filogi 6 da manyan rim. Ta uku XLE ce ta 2012 mai filogi 4, da kujerun fata da rufin gilashi. Waɗannan biyun, kowace na ɗauka sai na cika kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma ba ni da inda zan samo su sai dai in sayar da shanun huɗana. Maiɗakina ta kafe a kan XLE, ta ce tunda sau ɗaya za a yi, a yi mai kyau. Ƙanena da ke Kano ya ce SE, wai LE motar tsofaffi ce. Kwana 4 ke nan ni da ita sai gaisuwa kawai. Dillali kuma ya ce akwai mai zuwa da kuɗi ranar Juma'a. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri kan hidimar da kake yi mata.

Ba zan ja ka da nisa ba. In dai bincike ya nuna duka ukun lafiyarsu ƙalau, LE ɗin nan ita ce motarka, shanunka kuma su zauna a turkensu. SE ka cire ta daga lissafi tun yau. XLE mota ce mai kyau, maiɗakinka ba ta yi kuskuren gani ba, amma ba ta kai a sayar da shanun huɗa dominta ba. Ga dalilaina, domin ka samu abin da za ka zauna da iyalinka ku tattauna a kai, ba wai ka je ka ce mata "an ce" ba.

Ka fara sanin abin da haruffan nan na bayan but suke nufi. Ko da yake muna ce musu 'yan Beljiyam, waɗannan motoci don kasuwar Amurka aka ƙera su, mafi yawansu a masana'antar Toyota da ke Georgetown a jihar Kentucky. Camry ta 2012 zuwa 2014 zubi ɗaya ce, kamfanin ya fitar da ita hawa huɗu: L, LE, SE da XLE. Gangar jikin ɗaya ce, faɗin ciki ɗaya, but ɗaya, tankin mai ɗaya mai cin lita 64. Giyarsu otomatik ce mai hawa 6. Jakar iska mai kare mutum a haɗari guda 10 ce a kowace, daga L har XLE, haka ma birkin ABS mai hana taya ƙamewa in an taka shi da ƙarfi, da na'urar da ke hana mota zamewa a kwana. LE ɗinka da XLE ɗin da uwargida ke so, in ka buɗe bonet, ɗan Juma ne da ɗan Jummai: inji ɗaya ne mai lita 2.5 da ƙarfin doki 178. Miliyan ɗaya da rabin nan ba inji zai ƙara maka ba, ba kuma tsaron rai ba. Kayan jin daɗi ne za ka saya da su, a jikin motar da ta girmi LE ɗin da shekara 2.

Bari in sallami SE tukuna, tunda ita ce mai sauƙi. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, mota ce mai kyan gani, injinta mai lita 3.5 yana da ƙarfin doki 268, in ka taka ta a hanyar Kazaure za ka ji daɗi. To amma an ɗaure shok ɗinta da gangan ya yi tauri don masu son gudu da shan kwana, sannan mai filogi 6 tana zuwa da rim mai inci 18 da taya 225/45. Ma'anar wannan lamba, tsayin robar da ke tsakanin rim da ƙasa kusan milimita 101 ne. Tayar LE, 205/65 a kan rim 16, tana da kusan milimita 133. Ta XLE tana tsakani, wajen 118. Wannan robar ita ce katifar farko da ke shanye duka kafin ya iso ƙugun wanda ke zaune a baya. Ka tuna wa za ka riƙa ɗauka. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, ga tudun rage gudu a garuruwan da ke kan hanya, ga ramukan da damina ke bari. Tsohuwa mai ciwon ƙugu a bayan SE za ta ji kowane ɗaya daga cikinsu. Siririyar taya kuma in ta faɗa rami da ƙarfi sai ta yi ƙulu a gefe, ko rim ya lanƙwashe ko ya tsage. Rim ɗin LE na ƙarfe ne, in ya lotsa maƙeri zai buga maka shi ya miƙe, taya 16 kuma ba ka rasa ta wurin masu faci. Taya 18 mai kyau wani lokaci sai ka aika Kano.

Ga kuma maganar mai, wadda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 ta zama ita ce gaba a lissafin duk mai mota. A gwajin hukumar Amurka, lokacin da motocin suke sababbi, mai filogi 4 tana shan kusan lita 9 da rabi a kilomita 100 na cikin gari, mai filogi 6 kuwa sama da lita 11. In kana yin kilomita 1,000 a wata, bambancin ya kai lita 18, a shekara ya haura lita 200. Ka buga da farashin gidan man unguwarku ka gani. Wannan fa a sabuwar mota ne, ba wadda ta shekara goma tana aiki ba, ba kuma a zafin Afrilu da ake kunna AC tun safe ba. Baƙin mai ma mai filogi 6 tana cin sama da lita 6 a kowane juye, mai 4 kuwa ƙasa da 4 da rabi. Filoginta 3 na baya a ɓoye suke, sai bakanike ya kwance kayan saman inji kafin hannunsa ya kai. Albashin malami ba zai ji daɗin wannan ba. Ka gode wa ƙanenka, ka faɗa masa motar Inna ce kake nema.

Yanzu XLE, inda maganar take da nauyi.

Me za ka samu a cikinta da babu a LE? AC mai daidaita kansa, wanda direba da na gefensa kowa ke zaɓar sanyin da yake so, da ƙofofin iska a bayan akwatin tsakiya masu hura wa na kujerar baya. Rufin gilashi mai buɗewa. Rim na alminiyam mai inci 17. Wannan da aka nuna maka kuma tana da kujerun fata. A cikin waɗannan duka, abu ɗaya ne nake ganin yana da amfani na gaske ga gidanka, shi ne iskar baya. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, yara uku a baya suna jiran sanyi ya iso musu daga gaba, ba ƙaramin abu ba ne. In wannan ne damuwar maiɗakinka, tana da gaskiya, kada ka raina ta. Sai dai AC ɗin LE in yana da lafiya, gas ya cika, an canza matatar iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja, yana sanyaya motar gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Abin da ya fi kashe sanyi a motocinmu shi ne ƙurar hunturu da ke toshe wannan matata, mutane da yawa ba su ma san tana nan ba.

Sauran kayan kuwa don wata ƙasa aka yi su. Kujerar fata a motar da ta wuni a rana a harabar makaranta ba ta zaunuwa da azahar, kuma rana tana busar da ita ta tsattsage. Gaskiya ne ta fi sauƙin gogewa in yaro ya zubar da kunu ko fura, wannan na yarda, amma rigar kujera mai kyau tana yi wa yadi wannan aikin da kuɗi kaɗan, in ta tsufa a cire a sa wata. Masu fatar da yawa suna zuwa da na'urar ɗumama kujera, abin da mutanen ƙasar ƙanƙara ke bukata.

Rufin gilashi shi ne na fi jin tsoro, domin na ɗanɗana. Kewayensa akwai 'yar kwata da siraran bututu da ke bi ta cikin ginshiƙan mota suna zubar da ruwa ƙasa. Ƙurarmu tana shiga ta daskare a ciki tun daga Disamba, ba ka sani ba sai ruwan Agusta ya sauka. Na taɓa riƙe mota mai irin wannan rufi. Wata safiya bayan ruwan dare na tarar da kafet ya jiƙe sharkaf, ruwan ya bi ta ƙarƙashi inda wayoyi suke. Na yi wata biyu ina zarya wurin mai gyaran waya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama kanta. A duk shekarun da na yi da motar, ban buɗe rufin nan sau goma ba, saboda da rani rana ce, da hunturu ƙura, da damina ruwa. Ana iya kula da shi, a riƙa busa bututun kafin damina, amma ƙarin aiki ne da za ka saya da kuɗinka.

Sai shanu. Malam, a nan ne nake roƙonka ka tsaya ka yi tunani sosai. Ka ce da abin da gona ke bayarwa ka tara kuɗin motar nan. Shanun nan su ne suka yi huɗar, watakila ma har ƙodago suke yi maka a gonakin maƙwabta. In ka sayar da su, damina mai zuwa kai ne za ka bi layin masu shanu ko tarakta da kuɗi a hannu, a daidai lokacin da mota ta zo da nata bakin. Mota ba a gama sayenta ranar da aka biya. Da ta shigo gida za ka juye baƙin mai, wataƙila batir, wataƙila tayoyi, ga lamba da takardu, ga inshora mafi ƙanƙanta da ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Ragowar da ka ce za ta saura in ka ɗauki LE, ita ce za ta yi wannan hidima. Wanda ya kwashe komai ya sayi XLE, ranar da ta nemi taya biyu sai ya jingine ta a ƙofar gida ya koma tasha da Inna. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Duk abin da na faɗa a sama yana kan sharaɗin da na gindaya tun farko, wato lafiyar mota. Tsohuwar mota tarihinta ya fi harafinta muhimmanci, kuma lafiyayyar XLE ta fi LE da ta sha ruwa ko ta yi mummunan haɗari, nesa ba kusa ba. Motoci da yawa da ke shigo mana daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. A can Amurka, guguwar Sandy ta 2012 da ta Harvey da ta faɗa wa birnin Houston a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa. Saboda haka kada ka sayi kifi a ruwa.

Ka duba lambar cesis da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17 ne. Na 10 shi ke nuna shekara: C ita ce 2012, D 2013, E 2014. Na 5 yana nuna inji: F mai filogi 4, K mai filogi 6. Ka tabbata lambar ta yi daidai da wadda ke jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, da wadda ke cikin takardun kwastan. Wannan takarda ta ƙofa tana kuma ɗauke da girman tayar da motar ta fito da ita daga masana'anta. In bayan mota ya ce XLE amma takarda ta ce 205/65R16, to an yi mata kwalliya ne: harafi ana saye a manna, kujera ana yi mata rufin fata, rim ana canzawa. Da lambar cesis ɗin, wani yaro mai waya zai iya ciro maka rahoton Carfax a intanet da kuɗi kaɗan, ka ga nisan tafiyar da ta yi da gaske da ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta lalace. Sau da yawa har hotunanta na wurin gwanjo suna fitowa.

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, wanda ke da kwamfutar duba mota. Ya ɗaga kafet ya shinshina, ya duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo. In an murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ana iya cewa an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakunkunan sun riga sun fashe.

Akwai kuma wani lahani da aka sani a Camry mai filogi 4 ta 2012 zuwa 2014, wanda ya shafi LE ɗin da nake ba ka shawara da XLE ɗin baki ɗaya, ba zan ɓoye maka ba. Wasunsu suna yin karkarwa daga cikin giya in ana tafiya a hankali da ƙafa sama-sama a kan totur, tsakanin kilomita 40 zuwa 80 a awa, kamar ka hau ƙananan gargada alhali titi sumul yake. Toyota da kanta ta amince da matsalar, ta tsawaita garantin wannan ɓangare a Amurka. Saboda haka zagaye ɗaya a cikin gari bai isa gwaji ba. Ka fita da ita hanyar Kongolam ko ta Mashi, injin ya yi zafi, ka riƙe ta a wannan gudu na wasu mintuna, rediyo a kashe. In ka ji karkarwar, ka bar motar ko da wane harafi ne a bayanta. Giyar nan ba ta da sandar auna mai, kuma man Toyota mai alamar WS take sha, kada ka bari a zuba mata kowane jan mai da aka samu a bakin titi.

Takardun kwastan kuma kada ka yi wasa da su, musamman kai da ke zaune kusa da iyaka. A ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma ka san yawan shingayen da ke hanyoyinmu. Ka kai takardun ofishin kwastan a Katsina a tabbatar maka an biya diyuti da wannan lambar cesis ɗin kafin ka ba da ko sisi. In dillali ya ƙi yarda da wannan, ya riga ya ba ka amsa. Maganar mai zuwa da kuɗi ranar Juma'a kuwa, kada ta tayar maka da hankali. Camry ba ta ƙarewa a kasuwa, daga Katsina har Kano. Wanda ya yi haƙurin shekara 6 ba zai gaza na mako biyu ba.

Saura maiɗakinka, kuma wannan ya fi mini komai a wasiƙarka, domin kwana 4 ba magana ya yi yawa a kan abin da aka nema don jin daɗin gida. Ina zaton shekara 6 ɗin nan ba kai kaɗai ka yi su ba. Ita ma ta yi haƙurin cefane, ta ga Salla ta wuce ba ɗinkin da take so, ta hau babur da goyo. In ta ce a yi mai kyau, tana nufin wahalar nan ta zama abin da za a gani a yi murna. Wannan ba kwaɗayi ba ne. Kada ka shiga ɗaki da hukunci a bakinka. Ka zauna da ita bayan isha'i da takarda da biro, ka rubuta abin da ke hannu, da abin da mota za ta ci a watan farko, da abin da huɗar bana za ta ci in babu shanu. Ka tambaye ta wane abu ne a XLE ɗin ya fi kwanta mata. In sanyin yara ne, ku je tare ta zauna a bayan LE da rana tsaka, a kunna AC ta ji da jikinta, gani ya kori ji. In kyan gani ne, ka bar mata zaɓen rigar kujeru da shimfiɗar ƙasa, in akwai wata LE mai launin da ta fi so a duba ta. In kuma bayan duk wannan zuciyarta tana kan XLE, akwai hanya ta uku da ba ta taɓa shanu: ku ƙara haƙuri zuwa kaka, a sayar da amfanin gona, a nemi XLE mai filogi 4 da kujerun yadi, domin a waɗannan shekarun akwai su, kuma sun fi masu fata sauƙi. Abin da za ku auna shi ne ko jikin Inna zai jure motar haya na waɗannan watanni. Ku biyu kuka san wannan, ni ban sani ba kamar ku.

Abu na ƙarshe, don na ƙirga ku: kai, uwargida, Inna da yara 3, mutum 6 ke nan, motar kuwa bel 5 gare ta, ko wace ka ɗauka. Ranar asibiti ba matsala. Ranar da za a fita gaba ɗaya, don Allah kada a ɗora ƙaramin yaro a cinya a kujerar gaba, domin jakar iskar da ke ceton babba tana fita da ƙarfin da zai iya hallaka yaro. Gara a yi sawu biyu in cikin gari ne. Inna kuma ku gwada mata gaba da baya tun a wurin dillali, a ga inda shiga da fita ya fi mata sauƙi, a ɗan kwantar mata da kujerar, a sa mata matashi a ƙugu.

Allah ya sa a saya a sa'a, ya tsare hanya. Ka gaishe mini da Inna da jiki.